GAM KO ƊINKI: WANNE YA FI WAJEN RUFE RAUNI?

Da wuya zangon karatu ya ƙare ba tare da wani ya ji rauni a filin ƙwallo ko gonar makaranta ba. Yawancinmu ɗinki muka sani, amma likitoci suna da wata hanya, wato manne fata da gam na musamman.

Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Harry Coover, shi ya gano asalin wannan gam a 1942. An yi amfani da shi wajen tsayar da jinin sojoji a yaƙin Biyetnam, sannan a 1998 Amurka ta amince da wani irinsa mai suna Dermabond don rufe raunuka.

Aikin gam ba ya ɗaukar lokaci. Likita zai wanke raunin, ya haɗa bakinsa, ya shafa gam a sama, ba a ciki ba. Cikin 'yan mintoci ya bushe. Sau da yawa ba a bukatar allurar kashe zafi, shi ya sa ya dace da yara. Bayan kwana 5 zuwa 10 yakan ɓare da kansa. Kada a sosa shi ko a shafa masa mai, domin mai yana sassauta shi.

Sai dai gam bai kai zare ƙarfi ba. Ƙaramin yanka mai tsabta, irin na goshi, shi ne nasa. Idan raunin yana da zurfi, ko ya wage, ko yana kan gaɓa kamar gwiwa, motsi zai sake buɗe shi, don haka sai ɗinki. Zaren fuska akan cire shi bayan kamar kwana 5, na gaɓa kuwa 10 zuwa 14. Cizon kare da rauni mai datti ba a manne su, domin rufe ƙwayoyin cuta a ciki yakan kawo mugunya. Game da tabo kuma, a ƙananan raunuka kusan ɗaya suke.

'Yan'uwa ɗalibai, kada kowa ya ɗauki Super Glue na gyaran takalmi ya zuba a ciwo. Yana fid da zafi yayin bushewa, yana kuma iya ƙona nama. Wanda ya yanke, ya danne wurin da ƙyalle mai tsabta, ya hanzarta zuwa wurin nas, ya tambaya batun allurar tetanus. Zaɓin gam ko zare aikin likita ne. Rigakafi dai ya fi magani.