Watan da Ciki ke Fitowa: Nasiha ga Gidajenmu na Jazira

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. A ƙauyukanmu na Jazira da gaɓar Bahar Azraƙ, tun daga Mai Wurno inda kakanninmu suka sauka bayan yaƙin Burmi na 1903 har zuwa kewayen Wad Madani, mun saba da wani kuskure. Da zarar mai ciki ta shiga wata na huɗu, amai ya tsaya, abinci ya fara shiga, sai a ce ta warke, a mayar da ita ɗaukar ruwa da aikin gona. Alhali a lokacin ne jikinta ya ɗauki aiki mafi nauyi.

Daga mako na 13 mahaifa takan ɗago daga cikin ƙugu, a fara jin ta a mara, kuma wajen mako na 20 takan kai cibiya. Jinin jikin uwa yana ta ƙaruwa, har ya ƙaru da kusan rabi kafin haihuwa. Nono yakan cika, wani baƙin layi ya bayyana daga cibiya zuwa mara, dasashi ya riƙa fitar da jini wajen asuwaki. Wasu kan yi fama da ƙwarnafi, da taurin bayan gida, da ɗan suka a gefen mara idan sun miƙe da sauri. Waɗannan duk ba abin tsoro ba ne.

Shi kuwa ɗan tayi, a mako na 13 tsawonsa bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba. A mako na 16 yakan kai santimita 11 ko 12, nauyinsa kamar giram 100. Ƙasusuwansa na ƙara ƙwari, ƙodarsa ta fara aiki, zanen yatsunsa na fitowa, yana juyi yana miƙa tun uwar ba ta ji ba. Tsakanin mako na 16 da na 20 ne takan fara jin motsinsa. Mai cikin fari takan ɗan jinkirta.

Malamanmu sun karantar da mu, bisa hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa ana busa rai bayan kwana 120. A lissafin asibiti, wanda ke farawa daga ranar farko ta hailar ƙarshe, wannan ya zo wajen mako na 19, daidai lokacin da uwa ke jin motsi. Ashe amanar rai biyu ce a hannun maigida.

Abu biyu ne suka fi yi wa wannan amana barazana a ƙasarmu. Na farko zazzaɓin cizon sauro. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, magudanan ruwan da ke shayar da auduga da dawa su ne kuma maƙyanƙyasar sauro. Ƙwayar cutar kan taru a mabiyiya, ta tauye abincin ɗan tayi, ta jawo ɓari ko haihuwar jariri marar nauyi. Don haka mai ciki ta kwana cikin gidan sauro kullum, kuma duk zazzaɓi a je a gwada jini a ranar. Na biyu ƙarancin jini. A ba ta wake, da adas, da lalo, da zogale, da kifi ko nama gwargwadon hali, ta kuma riƙa shan ƙwayar ƙarin jini kowace rana. Shayin da muke ƙauna yana hana jiki cin moriyar wannan abinci, saboda haka a jinkirta shi da sa'a ɗaya ko biyu bayan ci.

Akwai kuma kunya. Yarinya mai cikin fari takan ɓoye cikinta ga uwar miji da ma mahaifiyarta, ba a zuwa awo sai ya tsufa. Kunya ado ce, amma ba a kan lafiya ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa, da hoton ciki sau ɗaya kafin mako na 24. Mun san yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya lalata asibitoci da dama a Jazira da Sinnar, ya warwatsa ma'aikata. Inda asibiti ya yi nisa, a nemi ungozoma mai horo, ta auna hawan jini, ta duba girman ciki, ta nuna inda za a sami allurar rigakafi.

Idan aka ga jini ko ruwa na zuba, ko ciwon mara mai tsanani, ko ciwon kai da gani dishi-dishi, kada a jira wayewar gari, kada kuma a tsaya ga rubutu da jiƙo kaɗai. Addu'a da neman magani ba sa karo. In azumi ya wahalar da ita, shari'a ta yi mata rangwame ta sha.

Ya ku magidanta, tun ran gini ran zane. Tulun da kuka ɗauke mata da kuɗin motar zuwa awo duk suna cikin ciyarwar da Allah Ya ɗora muku. Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya mana zuriya a kan Musulunci. Amin.