Ɗan Akwatin da Ke Gyara Murya



Duk wanda ya shiga kasuwar Funtuwa ko ta Dandume da kaka, kafin idonsa ya kai kan buhunan masara, kunnensa ya riga ya cika da lasifika. Mai maganin feshi na talla, mai iri na talla, mai maganin gargajiya ma ba a bar shi a baya ba. Da yawa daga cikin muryoyin nan a ɗaki guda aka ɗauke su, da laftof guda da makirufo guda. Garin Funtuwa, inda Alhaji Mamman Shata ya yi shekaru yana zaune, ba ya rasa masu son a ji muryarsu. Haka abin yake a Malumfashi, inda matasa ke ɗaukar tafsirin azumi su yaɗa ta WhatsApp.

Sai dai sau da yawa muryar kan fito da ƙugi da shuu, kamar daga cikin rijiya. Laifin ba na mai magana ba ne. Kafar makirufo ta jikin laftof don kiran waya aka yi ta, kuma tana maƙwabtaka da fanka da sauran kayan lantarki masu hayaniya. Maganin shi ne saunkad na waje: ɗan akwati da ake jonawa ta USB, ya ƙara wa murya ƙarfi, ya miƙa ta ga kwamfuta a tsabtace.

Mafi araha shi ne ɗan mitsitsin nan mai kafa biyu, kore da ruwan hoda. Amfaninsa ɗaya: maye gurbin kafar da ta lalace. Sai V8 na ƙasar Sin, mai batir da maɓallan tafi da amsa-kuwwa, abokin masu fitowa kai tsaye a TikTok. Yana da daɗin wasa, amma amsa-kuwwar da ya liƙa wa murya ba ta ciruwa daga baya.

Mai son aikin da zai karɓi kuɗi a kansa, daga Behringer zai fara. Kamfanin da Uli Behringer ya kafa a Jamus a 1989 yana da UM2 da UMC22, kowanne da kafar XLR ta babban makirufo da maɓallin wutar 48V. Wannan maɓalli shi ne abin dubawa na farko, domin makirufon kwandensa na situdiyo ba ya aiki sai da wannan wuta. Wanda aljihunsa ya fi nauyi zai iya hawa zuwa Scarlett Solo na Focusrite ta Ingila, jan akwatin da ke ɗaukar sauti har 192 kHz, inda waɗancan biyun suka tsaya a 48. Amma don tallar taki ko karatun malam, 48 ta isa har ta yi saura, kuma rarar kuɗin ta fi amfani a kan makirufo. A ɗakin da ke jin ƙarar babura da injin niƙa, makirufo irin na masallaci da wajen taro ya fi kwandensa rufin asiri, tunda ba ya kwasar duk abin da ya gifta.

Akwai kuma maɓallin da ke ba mai waƙa damar jin muryarsa nan take a abin kunne, ba tare da ta makara ba. UM2 da UMC22 da Scarlett Solo duka suna da shi.

Batun janareto fa? Idan da wutarsa ake aiki kuma ƙugi ya ƙi tafiya, a cire caja, a ɗauki muryar da batirin laftof. Sau da yawa nan take ake jin bambanci.

Mai niyyar saye a Sabon Gari ko titin Beirut a Kano, ya tafi da laftof ɗinsa da makirufonsa, ya jona a gaban mai shago, ya ɗauki magana ta minti ɗaya, ya saurara da kunnensa kafin ya miƙa kuɗi.