Kwashe Bayanai Zuwa Kaset Kafin A Sallami Tsohuwar Kwamfuta

Wannan bayani domin Hakimai ne da malaman ofisoshinsu, musamman inda ake shirin daina aiki da babbar kwamfutar nan da ake kira saba, watau wadda sauran kwamfutocin ofis ke ajiya a cikinta. Ita saba kamar rumbu take. Ba a rushe tsohon rumbu sai an kwashe hatsin, an auna, an ga ya isa sabon mazauni lafiya. Rajistar filaye da lissafin albashi da wasiƙun shekaru duk suna cikinta, in kuwa aka goge faifanta ba mai iya komo da su.

Abin da aka saba kwashewa a kai shi ne kaset mai maganaɗisu. Kada a ɗauka tsohon yayi ne. Tun 1951 aka fara amfani da shi a kwamfuta a Amurka, har yanzu kuwa manyan ma'aikatu na ajiya a kansa, domin yana da araha, ba ya cin wuta in yana ajiye, kuma ɓarawon intanet ba shi da hanyar kaiwa ga abin da ke kulle cikin kabad. Irin da ya fi yaɗuwa sunansa LTO. Na farko, na shekarar 2000, yana ɗaukar gigabait 100. Na tara, wanda ya fito a 2021, terabait 18.

Da fari sai a hana kowa shigar da sabon abu, sa'an nan a ɗauki cikakken kwafi a kaset biyu, a tura ɗan maɓallin da ke hana rubutu a kansu. Nan ne mutane da yawa ke tsayawa, nan ne kuma ake yin asara. Na'ura ta ce ta gama, wannan ba shaida ba ce. Tilas a mayar da abin da ke kaset kan wata kwamfuta dabam, a kira malamin da ya san takardun, ya buɗe rajistar bara da ta shekara goma baya, ya gwada da abin da ke hannunsa. Wasu bayanan ba sa buɗuwa sai da manhajar da ta rubuta su, saboda haka lalle a adana ita ma. In an kulle kaset da kalmar sirri, a rubuta ta, a ba ma'aji cikin ambulan rufaffe. In ta ɓata, kaset ya zama hoto.

Akwai wani abin lura. Rahotannin gundumomi na zamanin Turawa da ke Gidan Adana Tarihi na Kaduna, duk mai ido da ilimi yana iya karanta su yau. Kaset ba haka yake ba, sai da na'urarsa. Na'urar LTO ta tara tana karanta kaset na tara da na takwas kaɗai. To, ofishin da ya sayar da tsohuwar na'ura tare da saba, ya bar kansa da ƙofa ba mabuɗi.

Masu ƙera kaset sun ce yana kai shekara 30, amma fa a ɗaki mai sanyi, wanda zafinsa bai wuce awo 25 ba, ba laima ba ƙura. Zafin bazara da ƙurar hunturu na ƙasarmu ba za su bar shi ya kai haka ba in an jefa shi bisa kanta. A ajiye na biyun a wani gini dabam saboda gobara.

Bayan wannan duka, ya fi kyau a kashe sabar a bar ta kamar wata guda ba a taɓa ba, ko wani zai zo neman abin da aka manta. Kada Hakimi ya sa hannu a takardar sallama sai ya ga an shigar a rajista lambar kowane kaset, da abin da ke cikinsa, da ranar da aka gwada shi, da sunan wanda ya gwada. Sa'an nan a goge faifan sarai ko a farfasa su, domin sunayen talakawa da asirinsu na ciki.