Miyar Taushe Daga Kara Take Farawa

 Yau ba maganar farashi ko takardun kan iyaka zan yi ba, maganar tukunya ce. Mutum ya yi sati uku tsakanin Maradi, Jibiya da Legas yana cin tsire da burodi a tasha, in ya dawo gida ba abin da ransa ke so irin miyar taushe mai zafi da waina ko tuwon shinkafa. Sai a kawo, nama ya ƙi taunuwa, romo salam, maigida ya hau faɗa da uwargida. Alhali sau da yawa laifin na wanda ya yi cefane ne. Abin kunya ne a ce mu da muke gane shekarun sa daga haƙoransa, mu kasa zaɓen kilo ɗaya na nama.

Da farko dai, a duba halin da dabbar take ciki kafin yanka. San da aka sauke daga tirela bayan kwana biyu a tsaye, ba ruwa ba ciyawa, ga duka, in aka yanka shi nan take namansa yakan fito baƙi-baƙi, a bushe, yana danƙo a hannu. Likitocin dabbobi sun bayyana dalili. Akwai wani sukari da jiki ke ajiyewa a cikin tsoka. Bayan yanka shi ne ke juyewa ya zama ɗan tsami, wanda ke sa nama ya yi ja mai haske kuma ya jima bai lalace ba. Wahalar hanya tana ƙone wannan sukarin tun dabba na da rai, shi ya sa irin wannan nama ba ya da ɗanɗano, kuma da zafin nan namu kafin la'asar ya fara wari. Maganinsa hutu ne: a bar sa ya kwana ɗaya ko biyu a inuwa, ya sha ruwa, ya ci abinci. Mahaucin kirki ya san haka, kai ma tambaye shi yaushe aka sauke.

Na biyu ya fi wannan nauyi, don har da haƙƙi a ciki. Wasunmu kan yi wa ramammiyar saniya allurar teramisin ana jibi kasuwa don ta miƙe. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka, na wasu har kwana 28 ko fiye. Dahuwa ba ta kawar da maganin duka. In ka ga tsoka da tabo ruwan ɗorawa ko kumburi a wuya ko cinya, wurin allura ne, bar shi. Kuma mu tuna, san da ka sayar haka a tukunyar wani zai ƙare, wataƙila ma ta surukinka.

To, wane yanki? Masu kuɗi sukan ce a ba su tsoka zalla. Ta tsire ce wannan da kilishi, a miya sai ta zama kamar igiya. Taushe tana son nama mai jijiya da ƙashi: ƙirji, haƙarƙari, ƙwauri mai ɓargo, da wutsiya in an samu. Jijiyar nan da ake raina wa, ita ce ke narkewa a wuta mai sanyi ta ba romo kauri. In Azawak ne ko Gudali da aka yi wa kiwon turke, a sa ɗan tozo, amma kaɗan, don kitsensa kan rufe miya. Tsohon Bororo da ya taka daga daji namansa na da daɗi, sai dai yana son haƙuri.

Ga yadda ake yi a gidana, na mutum takwas. Kilo 1 da rabi na nama da ƙashi, a wanke, a zuba a tukunya da albasar Galmi guda biyu, citta, tafarnuwa, daddawa da ɗan gishiri. Ruwa ya rufe naman kawai. In ya tafasa a kwashe kumfar, a janye itace, a bar shi kan garwashi yana ɓararraka a hankali kamar awa biyu. Wasu na jefa kanwa don sauri. Nama zai yi laushi kam, amma romon ya yi duhu, ɗanɗanon ya mutu.

Sai a soya jajjagen tumatir, tattasai da attarugu a man gyaɗa ko manja har ruwan ya ƙone, a juye cikin romon. Tattasan Diffa busasshe, in an jiƙa an daka, ya fi ba da launi. A feraye kabewa kwata, wadda cikinta ya yi ja sosai, a yanka a zuba. In ta nuna a farfasa ta da ludayi. Dakakkiyar gyaɗa cikin tafi biyu ta biyo baya, a riƙa juyawa don tana kamu. Yakuwa a tafasa ta daban a zubar da ruwan farko, in ba haka ba tsaminta ya danne komai. Alayyahu shi ne ƙarshe, minti biyar, a sauke yana kore.

Saura maganar gishiri, don da yawanmu mun haura hamsin, hawan jini kuma ya kwantar da abokan tafiyarmu ba ɗaya ba biyu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Dunƙulen ɗanɗano kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Da na roƙi uwargida ta rage daga shida zuwa biyu ta ƙara daddawa, yara ba su ma lura ba, saboda ƙashi da ɓargo sun riga sun yi aikin.

In miya ta rage, a tafasa ta sosai kafin a kwanta, a sake tafasawa da asuba. Gyaɗa da kabewa ba sa jure kwana a zafi.