Ontoloji: Yadda Ake Haɗa Kan Bayanai Wajen Gyaran Tsohon Gini

Ranar 15 ga Afrilu 2019 gobara ta cinye rufin cocin Notre-Dame da ke birnin Paris na Faransa, wani ɓangare na bakunan dutsen da ke riƙe da saman ginin kuma ya rufto. Ka ɗauka kana cikin masu gyaran. Ga tarin duwatsu da gawayin katako a ƙasa. Injiniya yana auna ƙarfin dutse, masanin sinadarai yana duba dalmar da ta narke, masanin tarihi yana bin tsofaffin takardu. Kowa da sunan da yake kiran abu ɗaya, kowa da fayil ɗinsa. In aka tambayi inda wani dutse yake kafin ya faɗo, wa zai amsa?

A nan ontoloji ke shigowa. Kada sunan ya ba ka tsoro. Yarjejeniya ce da ake rubutawa yadda kwamfuta za ta gane: ga ire-iren abubuwan da muke magana a kansu, ga kuma dangantakar da ke tsakaninsu. Kowane bayani sai a mai da shi gajeriyar jimla mai gaɓa uku: dutse kaza, ɓangare ne na, baka kaza. Hoto kaza, yana nuna, dutse kaza. Tunda lambar dutsen ɗaya ce a ko'ina, kwamfuta za ta iya bin jimlolin nan ta haɗa maka hoto da awo da tarihi a tambaya guda.

Ba sai ka ƙirƙiro naka ba. Akwai CIDOC CRM na kayan tarihi, wanda ya zama ma'aunin ISO 21127 a 2006, kuma masu binciken Notre-Dame sun yi aiki da shi. Akwai BOT, da ke tsara gini daga fili zuwa bene, zuwa ɗaki, zuwa bango ko ƙofa.

Amma fa ka lura: ontoloji ba ya gyara awon da aka yi kuskure. In ka ba shi ƙarya, tsaf zai adana maka ita. Shi ya sa ake rubuta wanda ya yi awon, da ranar, da na'urar da ya riƙe.

An sake buɗe cocin a Disamba 2024. Duk wanda zai taɓa ginin nan gaba, bayanan nan zai fara dubawa kafin ya ɗaga guduma.