Mai Juna Biyu da Man Ƙamshi

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi ɗan bayani a kan man ƙamshin nan da ake tatsowa daga tsirrai, kamar man kanumfari da na kirfa da na na'ana'a da na furen wardi, da yadda ya kamata mai juna biyu ta yi hattara da shi. Sau da yawa nakan ji ana cewa ai abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. To, ai zaƙami ma tsiro ne, amma kowa ya san abin da yake yi wa wanda ya sha shi.

A darasin kimiyya an koya mana yadda ake samun wannan mai. Ana turara ganye ko fure, a tare tururin a sanyaya shi, sai man ya taso a kan ruwa a kwashe. Sai an turara furen wardi wajen kilo 3,000 kafin a sami kilo 1 na mansa. Ashe ke nan ɗigo guda ba ƙaramin abu ba ne. Idan aka shafa shi ko aka shaƙa, wani ɓangarensa yakan shiga jini, kuma daga jinin uwa ne ɗan da ke ciki yake samun abincinsa ta mabiyiya.

Saboda haka, a watanni 3 na farko gara a haƙura da shi gaba ɗaya, domin a lokacin ne zuciya da ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓin jariri suke haɗuwa. Bayan nan, idan ma'aikaciyar asibiti ta amince, sai a sirka ɗigo 1 a cikin ƙaramin cokali na man zaitun ko man kwakwa. A fara gwadawa a bayan hannu, in ya yi ƙaiƙayi ko kurji a bar shi. Kada a shafa shi tsagwaronsa. Shansa kuwa, ko da a cikin shayi ne, babu shi sam har a haihu.

Akwai abubuwa biyu da ke kusan kowane ɗaki. Na farko man zafi. Yawancinsa yana ɗauke da kafur da wani sinadari ɗan'uwan asfirin, don haka bai kamata mai ciki ta riƙa mulke jikinta da shi ba, balle ta lasa saboda mura. Na biyu farin kafur ɗin nan na cikin akwati. Kada a ajiye kayan jariri tare da shi, domin yana haddasa wa wasu jarirai shawara mai tsanani. Turaren wuta ma, in za a sa, a buɗe taga, kada ta zauna cikin hayaƙinsa.

Mu ɗalibai mu ne masu karanta wa iyayenmu da yayyenmu takardar da ke jikin kwalba, sai mu riƙa karantawa tsakani da Allah. Iyayenmu mata kuma, in za ku awo ku tafi da kwalbar ku nuna, domin matambayi ba ya ɓata. Allah Ya raba lafiya, amin.