Jinyar Rukuni ga Waɗanda Suka Tsira daga Bala'i: Tsarinta da Abin da Ake Tsammani

1.0 Gabatarwa

Wanda ya tsira daga yaƙi ko fyaɗe ko hannun masu garkuwa, sau da yawa jikinsa kan warke amma firgici ya ci gaba da zama a zuciyarsa. Yakan yi mugun mafarki, ya razana da jin ƙaramin motsi, ya kuma guji duk abin da zai tuna masa da abin da ya faru. A shekarar 1980 ne Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da wannan yanayi cikin kundinta na cututtuka. Tun ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009, batun ya zama na gida, domin masu buƙatar kulawa sun rinjayi likitocin da ake da su nesa ba kusa ba.

2.0 Tsarin Zama

Jinyar rukuni ta sha bamban da hirar dandali. Akan tantance kowane mutum shi kaɗai kafin a shigar da shi. Rukunin yakan kasance ƙarami, ana haɗuwa mako-mako ƙarƙashin jagora mai horo, kuma kowane zama da darasinsa. Sharaɗin farko shi ne riƙe sirri: abin da aka faɗa a ɗaki ba ya fita.

Judith Herman (1992) ta kasa murmurewa zuwa matakai uku: samun aminci, tuna abin da ya faru tare da makokinsa, sannan komawa cikin jama'a. Saboda haka ba a fara zama da labarin bala'in. Akan fara da koyon daidaita numfashi da gyaran barci da gane abubuwan da ke tayar da firgici. Wasu tsare-tsaren ma ba sa neman a zayyana lamarin dalla-dalla a gaban rukuni, don kada labarin wani ya fama wa wani tabo.

Tsarin da Patricia Resick ta samar mai zama 12 ne, yana kuma gyara tunanin da ya maƙale, kamar ɗora wa kai laifi. An gwada shi a gabashin Kwango a kan matan da aka yi wa fyaɗe. Sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna alamun ciwonsu sun ragu fiye da na waɗanda aka tallafa wa ɗai-ɗai.

3.0 Amfani da Ƙalubale

Irvin Yalom ya nuna cewa ɗaya daga cikin manyan fa'idojin rukuni shi ne mutum ya gane ba shi kaɗai ne abin ya shafa ba. Sai dai damuwa kan iya ƙaruwa na ɗan lokaci idan aka taɓo tushen ciwon, wanda hakan ba alamar gazawa ba ce.

A ƙasar Hausa, kunya da kara da dangana na iya hana mutum buɗe baki, musamman mace a gaban maza ko yaro a gaban manya. Wannan ya sa raba rukuni bisa jinsi da shekaru ke da muhimmanci. Haka nan akwai matsalar kalma: idan jagora ya yi amfani da lafazin da ke kusa da taɓin hankali, mutane za su ƙaurace don gudun tsangwama.

4.0 Kammalawa

Jinyar rukuni ba ta goge abin da ya faru, tana dai rage ƙarfin ikonsa a kan rayuwar mutum. Aikin da ke gaban masana Hausa shi ne samar da kalmomin da za su bayyana wannan ciwo ba tare da sun tozarta mai shi ba.